Sai An Durƙusa Ake Ganin Inna

Rafin Guza, Kaduna
9 ga Maris, 1993

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Malam Ɗahiru da yara da duk mutanen Funtuwa. Mu nan jiki lafiya lau. Zuciya ce babu lafiya.

Gara da ba ki zo buɗe sabon shagona ranar Asabar ba, da kin ga abin da autanmu Ila ya yi mini. Shago mai ƙofa uku, injin yanka katako biyu, ma'aikata goma sha ɗaya. Ni da na shigo Kaduna da zarto ɗaya a cikin buhu, na ajiye makaranta a aji uku na sakandare don shi ya yi karatu. Fada, limamin cocinmu, ya zo ya sa albarka. 'Yan ƙungiyar kafintoci sun zo, Musulmi da Kirista, har da dillalan katako.

A bangon gabas na yi wa mutum-mutumin Maryamu uwar Yesu 'yar taga da katakon maɗaci. Kin san shi, na Inna, mai shuɗin mayafi, wanda Sista ta ba ta a asibitin mishan can gida. Tun ranar da muka binne Inna yake hannuna, shekara ashirin da huɗu. Bayan Fada ya tafi, ana cikin cin shinkafa, na je na durƙusa a gabansa na yi 'yar addu'ar godiya. Ban ɗago ba sai na ji muryar Ila. Tun da ya shiga sabuwar majami'ar nan ta Badarawa ba ya magana sai da ƙarfi.

Ya ce, "Jama'a ku shaida! Ubanmu ya mutu yana yanka wa gunkin kan-gida jan zakara. Yau ga ɗansa ya sake wa gunkin riga, ya ɗaura masa shuɗi!"

Ya ɗauki guduma, tawa, a kan bencina. Sau ɗaya ya buga. Kai ya yi nan, hannuwa suka yi can.

Na ji wani daga baya ya ce, "Ashe maguzancin bai fita ba." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Yaya, shekara ashirin ina wanke wannan suna a garin nan da gumina, har ana ce mini Oga Balarabe. Yaron da na goya ya maido mini da shi cikin minti ɗaya, shinkafata tana bakinsa.

Ban taɓa shi ba. Na tsince gutsattsarin da hannuna. Ashe cikin abin rami ne, na kuma sami wani tsumma a ƙulle, da ɗan gashi a ciki. Na ɓoye kafin a gani, kada a ce ga layar ma ta fito. Ko kin san na mene ne?

Kada ki rubuto mini maganar haƙuri. Ni kafinta ne, sai na auna sau biyu nake yankawa. Amma zan yanka.

Ki gaida Malam.
Ƙaninki,
Yusufu Balarabe

*

Funtuwa
21 ga Maris, 1993

Balarabe,

Assalamu alaikum. Na sami takardarka, Malam na gaishe ka, yara na gaida Kawu.

Ni tun da na yi aure na musulunta na bar maku addininku, ban sa baki. Amma abin mamaki, littafinku ɗaya, ranar hutunku ɗaya, kun fi kaza da shaho. Abin da Ila ya yi rashin kunya ne, ko a wane addini. Na aika mashi da tawa takardar, kunnenshi zai yi zafi.

Tsumman nan na san shi, a gabana aka ƙulla. Kai kana can kiwon awakin Baba. Ka tuna bayanka Inna ta binne huɗu a jere, ba wanda ya kai yaye, har ana kiranta mai wabi a bakin rijiya. Da ta haifi Ila a wurin Sistoci, ranar suna aka yi mashi aski, ta kwashe gashin ta tura ta ƙarƙashin mutum-mutumin nan, ta liƙe da ƙasa. Ta ce, "Ke ma kin san zafin binne ɗa. Ki roƙa mani wannan ya tsaya." Abin da ta faɗa ke nan, ban ƙara ban rage ba.

To ya tsaya. Ga shi nan ya tsaya har yana ɗaga guduma.

Na gaya mashi wannan ma. Ka ce kada in ce ka yi haƙuri, to ban ce ba. Amma ka tuna yana da shekara biyar ta rasu. Kai ka san fuskarta. Shi ko a mafarki, keyarta yake gani, ya sha gaya mani.

Yayarka,
Hadiza

*

Rafin Guza
2 ga Agusta, 1993

Yaya Hadiza,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya damina? Mu nan rafi ya cika har ya taɓa gindin gadar katako.

Albishirinki. Allah ba ya barci. Tsohon katikis na ƙauyenmu, wanda ya koya mana addu'a, ya aiko mini da ambulan. Ana gyaran tsohon gidan Fada aka tarar da akwatin hotuna. Yaya, Inna ce. Ranar baftismarta, ranar da aka sa mata Marta. Tana tsaye a gindin dalbejiya, da zanen saƙi, tana ƙoƙarin hana kanta dariya. Har wushiryarta ta fito. Na rufe ofis na zauna da ita awa guda. Duk duniya babu wani hotonta sai wannan, kuma a hannuna Allah ya sa shi.

Zan sa a wanko miki naki. Amma na roƙe ki, kada Ila ya ji daga bakinki. Ko kuwa bari, ki gaya masa. Na fasa roƙon. Ki gaya masa har wushiryar.

Mutum-mutumin kuwa na gyara shi da kaina, da gam da filasta, na bi da fenti. Sai kin kawo ido kusa za ki ga tabon a wuya. Ƙasan ne kawai ban liƙe ba tukuna.

Ƙaninki,
Balarabe

*

Badarawa, Kaduna
18 ga Oktoba, 1993

Zuwa ga Yaya Balarabe,

Alheri da salama su tabbata a gare ka cikin sunan Ubangijinmu. Ina gaida Anti da yara.

Na san wata bakwai ba mu yi magana ba, na kuma san ka hana a ambaci sunana a gidanka. Ina sanar da kai cewa Ubangiji ya sauki matata lafiya ranar uku ga wata. Mace ce. Na sa mata Marta. Yaya Hadiza ta zo suna, da ta karɓe ta sai ta fashe da kuka, ta ce Inna ce sak, har goshin. Ni ba ni da abin da zan gwada da shi.

Ta ce akwai hoto a wurinka. Ina roƙo ka bar ni in gani, ko sau ɗaya.

Game da abin da ya faru a shagonka, ba zan yi maka ƙarya ba. A rubuce yake a Fitowa sura ashirin: kada ka yi wa kanka siffa, kada ka rusuna mata. Kishin gidan Ubangiji ne ya ci ni. Na so ranka ne, ba na so kunyarka ba.

Kuma ranar sha biyu ga Disamba dattawan majami'armu za su ɗora mini hannu in zama fasto. Kai ne a matsayin uba. Zan so ka zo.

Ƙaninka cikin Almasihu,
Iliya

*

Rafin Guza
25 ga Oktoba, 1993

Ila,

Ko in ce Mai Bishara Iliya, tunda yanzu sunan gida ya yi maka kaɗan. Na gaishe ka. Barka da arziki, Allah ya raya Marta. Ita ba ta yi mini komai ba.

Daga Badarawa zuwa nan ko kuɗin bas ba ya ci, amma sai takarda. Na karanta ta sau uku ina neman kalmar gafara, ko ta faɗa bayan shafi. Babu.

Ka kawo mini Fitowa ashirin. Ni ban yi makarantar Littafi ba, aji uku na tsaya, ka san dalili. Amma na iya juya shafi. Ka ƙara gaba kaɗan zuwa ashirin da biyar, ka ga wa ya ce wa Musa ya ƙera kerubobi biyu na zinariya a kan akwatin alkawari. Allah ya manta abin da ya faɗa ne a sura biyar baya? Macijin tagulla fa, wa ya ce a kafa shi? Abin da aka hana shi ne ka ɗauki aikin hannunka ka ce shi ne Allahnka. Baba ya yi haka, yana tsoron abin da ke cikin tukunyar kan-gida, yana ba shi jini. Ka taɓa ganin na yanka wa Maryamu ko fara? Ka taɓa jin na ce filasta tana ji? Ni na gyara ta da gam, na san abin da ke cikinta fiye da kai.

Katikis ya koya mana tun muna zama a ƙasa: sujada ta Allah ce shi kaɗai. Waliyyai girmamawa ake yi musu, a kuma roƙe su su yi mana addu'a. Kai da kanka duk Lahadi mata na layi suna cewa, "Mai Bishara, a sa mu a addu'a." Ba ka taɓa dukan ko ɗaya da guduma ba. To in ana roƙon ka, kai da na wanke wa kashi, don me ba za a roƙi uwar da ta goyi Yesu ba? Ko ka ce ta mutu? Ai ku ne masu ihun cewa wanda ya gaskata ba zai mutu ba.

Yanzu kana son ganin hoto. Siffa ce fa, Ila. Takarda ce da tawada. Me fasto zai yi da ita?

Amma ni ba marowaci ba ne. Ka zo shago ranar Asabar, shida ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe. A nan ka yi abinka a gaban mutane, a nan za ka ga uwarka. Hoton ba ya fita daga inda na sa shi.

Yayanka,
Yusufu Balarabe
Mai shagon kujeru da gadaje, Rafin Guza

*

Funtuwa
31 ga Oktoba, 1993

Balarabe,

Sallama. Ba dogon zance. Matarka ta aiko mani da saƙo wajen direban motar Funtuwa, ta ce sati biyu kana ƙera wani abu kai kaɗai, ka hana kowa taɓawa, kana aiki kana murmushi. Ta ce kuma ka je Unguwar Shanu wajen Ado mai hoto sau biyu. Na san murmushin nan. Shi ka yi ranar da ka zuba ma ɗan sarkin noma ƙaiƙayi a wando.

Ko me kake shiryawa, da fuskar Inna kake shirya shi. Ka tuna da wannan. In ka tozarta yaron nan da ita, kada ka ƙara rubuto mani Yaya.

Hadiza

*

Rafin Guza
7 ga Nuwamba, 1993

Yaya Hadiza,

Ina gaisuwa. Na rubuta Yaya, in kin ga dama ki goge. Takardarki ta iso ranar Alhamis, aiki ya riga ya bushe. Gara ki ji daga bakina.

Kabad na yi, na maɗaci, ban taɓa aiki mai kyansa ba. Tsayinsa iya ƙugu. Na sa Ado ya ƙara girman hoton Inna, na kafa shi can ciki, kamu ɗaya daga ƙasa, bayan gilashi. Na yi wa bakin rumfa mai gangarowa. Na auna da tsayin Ila, don ni na san shi, ni na yi masa gadon aure. In kana tsaye, ƙafafunta kawai za ka gani. In ka sunkuya, hannuwanta. Fuskar kuwa sai gwiwa biyu sun taɓa ƙasa. Cikin da duhu, saboda haka na kafa kyandir biyu, dama da hagu, na ajiye ashana. Na ɗaure kabad ɗin da bango da ƙusa 'yar inci shida. A samansa na ɗora Maryamu.

Kin gane ke nan. Wanda ya ɗauki hoto daga gefe ba zai ga Inna ba. Zai ga Mai Bishara Iliya a durƙushe, ya kunna kyandir, Maryamu na kallonsa daga sama. Niyyata in wanke guda ashirin, in aika wa dattawansa ɗaya-ɗaya kafin sha biyu ga Disamba, saura in liƙa a ƙofar majami'arsu.

Ranar Juma'a na kira Fada ya sa wa kabad albarka. Ya zagaya shi, ya durƙusa da ƙyar ya leƙa, ya miƙe ya dube ni. Tsohon nan ba a yi masa wayo. Ya ce, "Yusufu, wannan tarko ne." Na ce ai gaskiya nake so in koya wa yaro. Ya ce hoton da zai nuna abin da bai faru ba shaidar zur ce, ko da kyamara aka yi ta. Ya ce Ikilisiya ta ce darajar da aka yi wa siffa tana wucewa ne zuwa ga mai siffar, to in tambayi kaina, wulaƙancin da zan yi da siffar Maryamu da ta Inna wurin wa zai wuce. Na nuna masa tsumman gashin. Ya ce babu wani iko a cikinsa, tsoron uwa ne kawai, addu'arta ce Allah ya ji. Ya tafi da ruwan albarkarsa bai yayyafa ko ɗigo ba. Na ji haushi. Da aka fasa mini abu a gaban jama'a yana gida yana shan shayi.

Jiya duk wanda ya ci shinkafata a watan Maris na kira shi, har mai cewa maguzanci bai fita ba. Na ba shi kujerar gaba. Ado ya tsaya bayan tarin katako.

Ƙarfe goma Ila ya shigo, da kwat ɗinsa, matarsa na biye da jaririya. Ya gaishe ni, na nuna masa bango da baki. Ya dubi kabad. Ya dubi Maryamu, ya daɗe a kan tabon wuyan. Ya dubi mutane. Na tabbata ya hango Ado, don ƙafar kyamarar ta leƙo. Ɗaya daga cikin dillalan ya ce, "Fasto, a yi a hankali, yau an ɓoye guduma." Aka kwashe da dariya. Raina ya yi fari, ba zan ɓoye miki ba.

Ya ce, "Yaya, aikin ya yi kyau."

Na ce, "Na sani."

Ya sunkuya, ya ga hannuwa. Ya tsaya a haka kamar mai ciwon baya. Na ce a raina yanzu zai juya ya fita, in ce wa jama'a kun gani, girman kansa ya fi masa uwarsa. Ta ko'ina ni ke da riba, haka na auna.

Sai ya sa gwiwa a cikin garin katako, da wandon kwat ɗin. Ya ƙyasta ashana, ta mutu. Ya ƙyasta ta biyu. Ado ya ɗauki hoto, hasken kyamara ya cika shago. Ko waiwayowa bai yi ba.

Yaya, ya fi minti goma. Dariya ta mutu da kanta. Can na ji ya ce, da irin muryarsa ta da, ba ta wa'azi ba, "Inna, ni ne Ila. Na tsaya." Ya miƙa hannu baya, matarsa ta ba shi jaririyar, ya tura ta bakin kabad ya ce, "Ga takwararki."

Mai maganar maguzanci ya tashi ya fita yana gyara hula. Saura suka bi shi ɗaya-ɗaya, ko lemon da na saya ba a buɗe ba. Ila ya hure kyandir, ya kakkaɓe gwiwa, ya ce mini sai an jima.

Ado ya kawo hoton yau bayan coci, guda ɗaya na gwaji, da nagetif ɗin da ake wanko sauran da shi. Ya fito yadda na so, har ya fi. Yana nan cikin aljihuna. Na ci nasara, kada kowa ya gaya miki wani abu daban. Abinci ne dai tun jiya bai shiga ba.

Ƙaninki,
Balarabe

*

Badarawa
15 ga Nuwamba, 1993

Yaya Balarabe,

Ina gaisuwa. Na gode da ka bar ni na ga Inna. Ashe wushiryarta Marta za ta yi, in ta yi haƙora.

Na ga mai hoton tun kafin in durƙusa. Na san abin da hoton zai nuna, na san kuma dattawanmu. In ya isa hannunsu babu ɗora hannu, wataƙila ko kujerar baya ba za su bar mini ba. Ba zan roƙe ka ba, jininmu ɗaya, ka san ba mu iya ba. Sati guda ke nan duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai gabana ya faɗi. In za ka aika, ka aika, in huta.

Ban sake ra'ayi a kan Fitowa ashirin ba. Amma gudumar nan, ko da ina da gaskiya, abin Inna ne na fasa, a ranarka, a gaban baƙinka. Wannan na yi laifi.

Abu ɗaya nake so ka sani, ko dattawa ba su yarda ba. Ban durƙusa wa takarda ba. Ba da takarda na yi magana ba. Da Inna nake.

Ƙaninka,
Ila

*

Rafin Guza
10 ga Disamba, 1993

Ila,

Na gaishe ka, da mai jego, da Marta.

Na bar ka kwana ashirin da biyar kana jin ƙwanƙwasa ƙofa. Da gangan ne. Ni wata takwas na yi.

Ka ce ba da takarda kake ba, da Inna kake. To ni shekara ashirin da huɗu da wa ka zaci nake?

Ga hoton Inna cikin ambulan, naka ne, na sa an wanko. Ka rataye shi inda ka ga dama, ko a tsaye ka kalla.

Naka hoton kuwa guda ɗaya ne a duniya. Na naɗe shi da nagetif ɗinsa, na haɗa da gashinka na ranar suna, na mayar cikin Maryamu, na liƙe ƙasan da filasta. Ya bushe tun shekaranjiya. Fada ya zo ya yayyafa ruwansa.

Jibi ba zan zo ba, ina da sujadar Mas a cocinmu, kuma ban gama hucewa ba. Ka je a ɗora maka hannu. Asirinka yana wurin wadda ka fasa. Duk ranar da kake son abinka, shago a buɗe yake, guduma tana kan benci inda ka bar ta.

Yayanka,
Balarabe